Ɓeran Rumbu da Fargabar Manyan Ƙasashe

A duk lokacin da aka ji ɓullar ɗaya daga cikin cututtukan nan da likitoci suka tara a ƙarƙashin suna guda, watau zazzaɓi mai sa zubar jini, ko Ebola ce a Kwango, ko Marburg a Ruwanda, ko kuwa zazzaɓin Lassa a nan gida, tambayar da kan fara fitowa daga manyan gidajen rediyo da jaridun Turai da Amurka ita ce ko abin zai isa gare su. Ba na ganin laifin kowa a kan wannan tambaya, domin son tsira da rai ɗabi'a ce da Allah ya halicci ɗan Adam a kanta. Amma tun da yake a ƙasashenmu ciwon yake kwana yake tashi, mu ne kuma muke binne galibin waɗanda yake kashewa, ya wajaba mu ma mu ɗora tambayar a kan ma'auninmu, mu ga abin da take nufi ga manomin Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, wanda masararsa da dawarsa suke ciyar da birane masu nisa, alhali ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar Lassa ba shi da wurin da ya fi so kamar inda aka tara hatsi.

Tarihi ya nuna cewa fargabar tasu tana da asali. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yau yake cikin Jihar Borno, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Wadda ta yi jinyarta ta bi ta, ta uku kuwa, Lily Pinneo, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Niyok, Allah ya yi da sauran kwananta. Jinin da aka kai Jami'ar Yale don bincike ya kwantar da babban masani Jordi Casals, wanda da kyar ya sha, kuma kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin ɗakin gwaji na jami'ar ya mutu, har aka dakatar da aikin aka mai da shi Atlanta. A watan Fabrairu na 1970 Dakta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Watau tun shekarar da duniya ta fara sanin sunan wannan ciwo ya riga ya ƙetare teku. Shekara biyu kafin haka, a 1967, birai da aka kai Turai daga Yuganda sun kwantar da mutum 31 a Marburg da Frankfurt da Belgrade, bakwai suka mutu, shi ya sa har yau wancan ciwon, watau Marburg, yake amsa sunan garin Jamusawa.

Bayan haka abin ya yi ta maimaituwa jefi-jefi. A 2016 wani ma'aikacin lafiya da aka kwaso daga Togo ya rasu a birnin Kolon na Jamus, mai shirya gawa ya ɗauki Lassa daga gare shi. A watan Fabrairu na 2022 mutum uku 'yan gida ɗaya sun kamu a gabashin Ingila bayan tafiya Afirka ta Yamma, jariri ya rasu a cikinsu, aka killace ma'aikatan asibiti masu yawa. A watan Oktoba na 2024 wani mazaunin Jihar Iowa ta Amurka ya mutu da ita bayan ya komo daga yankinmu. A lokacin babbar annobar Ebola kuwa, wani ɗan Laberiya, Thomas Eric Duncan, ya rasu a Dalas ran 8 ga Oktoba 2014, ma'aikatan jinya biyu suka kamu suka warke, wata kuma ta kamu a Madrid ita ma ta tashi. To, wanda ya jera waɗannan labaru ya dube su da idon basira zai ga ibra guda a cikinsu: ciwon yana isa ƙasashen masu arziki, amma da wuya ya wuce mutum ɗaya ko biyu bayan wanda ya kai shi. Duk masu Lassa da aka taɓa gani a wajen Afirka cikin fiye da shekara hamsin ba su wuce 'yan gomomi ba, alhali a 2020 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da fiye da mutum 1,100 a Nijeriya, fiye da 240 suka riga mu gidan gaskiya. Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kama fiye da mutum 28,600, ta kashe fiye da 11,300, kusan dukkansu a Gini da Laberiya da Saliyo, cikinsu har da ma'aikatan lafiya sama da 500.

Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne, ba kuma a jinin mutane ko a sanyin ƙasarsu yake ba. Waɗannan cututtuka, saɓanin mura da ƙyanda, galibi ba sa bin iska daga ɗaki zuwa ɗaki. Hanyarsu ita ce jini da amai da gudawa da fitsari da sauran abin da ke fita daga jikin majinyaci ko gawarsa, saboda haka duk inda aka sami safar hannu da ruwan famfo da sabulu, da ɗakin keɓewa, da ɗakin gwaji mai ba da sakamako cikin yini guda, da ma'aikatan da za su bi sawun duk wanda ya taɓa mara lafiya har kwana 21, nan take igiyar yaɗuwa take tsinkewa. Babbar hujja a kan haka a ƙasarmu take. Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas ɗauke da Ebola, a birnin da duniya ta ɗauka in abin ya shige shi sai dai addu'a. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kuwa biya da ranta ran 19 ga Agusta. Ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan-inna suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida a Legas da Fatakwal, aka tsaya a mutum 20 da suka kamu da 8 da suka rasu, har ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta fita. Abin da ya tsare Dalas shi ya tsare Legas, watau tsari da kayan aiki da mutane masu riƙon amana.

Sai dai akwai abu mai ɗaci da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba, shi ne cewa taimakon manyan ƙasashe yana bin gwargwadon tsoronsu, ba ya bin gwargwadon gawawwakinmu. An san Ebola tun 1976, kuma masanan Kanada sun haɗa allurar riga-kafinta tun farkon shekarun 2000, amma ta zauna shekara da shekaru ba wanda ya zuba kuɗin gwada ta a jikin mutane, sai da ciwon ya buga ƙofar Amurka da Turai sannan aka gaggauta gwajinta a Gini a 2015, aka ba ta lasisi a 2019. A watan Satumba na 2014 ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira annobar barazana ga zaman lafiyar duniya, Amurka kuma ta sanar da tura sojoji kimanin 3,000 zuwa Laberiya, bayan dubban mutane sun riga sun kwanta dama. Lassa kuwa, wadda ba ta zuwa da hayaniya, tana dai ɗibar mutane ɗari-ɗari kowane rani a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, har yau ba ta da riga-kafi mai lasisi, sai a 2024 aka fara gwajin mataki na biyu na wata allura a Abuja. Kuma tsoro abu ne mai yayi: a watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma datse mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Al'ummar da ta jingina lafiyarta da fargabar wasu, ranar da fargabar ta kwanta ko siyasarsu ta juya, sai ta wayi gari ba ta da komai a hannu.

Bugu da ƙari, idan fargabar ta tashi, mu ne muke ɗaukar nauyinta tun kafin ciwon ya taɓa su. A 2014 kamfanonin jiragen sama da dama sun daina zuwa Gini da Laberiya da Saliyo, Saudiyya kuma ta hana maniyyatan ƙasashen uku bizar aikin Hajji. Alhazan Nijeriya sun sami tafiya a shekarar, kuma ba shakka saurin shawo kan abin a Legas yana cikin abin da ya tsare musu kujerunsu. A shekarar 2000, da zazzaɓin Rift Valley, wanda ke kama dabbobi da masu kiwonsu, ya ɓulla a Jizan ta Saudiyya da Yaman, ƙasashen Larabawa sun rufe ƙofa ga tumaki da awaki na gabashin Afirka, makiyayan Somaliya suka shiga ƙunci mai tsanani. Wannan ciwo kuwa ba baƙo ba ne a maƙwabtanmu, domin ya kashe mutane a Jihar Tawa ta Nijar a 2016. Yanzu da aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa, ana fatan waken soya da riɗi da citta da auduga su riƙa fita daga nan kai tsaye zuwa kasuwannin duniya, ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani cewa sunan ƙasa a wajen lafiya jari ne, kuma labari guda na annoba da aka kasa tsarewa ya isa ya sa a soke cinikin da aka shekara ana ƙullawa.

To, mu komo gida. Gaskiya ne Katsina ba ta cikin jihohin da Lassa ta fi addaba, amma wanda ya san yadda ciwon yake tafiya ba zai yi barci a kan wannan ba, domin duk sababan da ke kawo shi suna nan tare da mu. Mai ɗauke da ƙwayar wani ɓera ne mai yawan nonuwa, mai yawan haihuwa, wanda ke zama a gona da damina, ya komo cikin gida idan an kawar da amfani. Shi ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar cikin fitsarinsa da kashinsa a kan tsaba da gari da kwanon da aka bari a buɗe. Shi ya sa ciwon yake tsananta daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da aka gama kaka, aka cika rumbuna da sito, aka cinna wa daji wuta ɓeraye suka gudo gari, yara kuma suka fita farautarsu. Kudancin Katsina kuwa, tun zamanin auduga da layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, da kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, ya zama rumbun Arewa. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka zai ga shanyar masara da barkono da tumatir a gefen kwalta, wanda ya shiga kasuwar Ɗandume zai ga buhuna sun yi tsauni, tireloli suna lodi zuwa Dawanau da Legas da ƙetaren iyaka. Ga kuma musibar 'yan bindiga, wadda ta tilasta wa mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume su cunkushe a garuruwa, ta sa magidanci ya gwammace ya jibge buhunansa a ɗakin da iyalinsa suke kwana da ya bar su a rumbun da za a fasa ko a ƙone. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da kanmu muka kai masa abinci har gindin gado.

Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne kamannin ciwon. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin komai ko kuwa su yi ɗan zazzaɓi su tashi, sauran kuma suna farawa da zafin jiki da ciwon kai da kasala da ciwon maƙogwaro, irin abin da kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Zubar jinin da aka san ciwon da ita ba kowa take zo wa ba, in ma ta zo sai a ƙurarren lokaci. Saboda haka majinyaci yakan fara da kyamis, ya koma wurin mai allura a unguwa, ya gwada jiƙe-jiƙe, sai jiki ya yi tsanani a kai shi babban asibiti a Funtuwa ko Malumfashi, daga can a tura shi Shika ko Katsina ko Kano, a kowane zango kuwa akwai hannuwan da suka tallafe shi, suka share masa amai, suka wanke masa zane. Cikin waɗanda ciwon ya kai ga kwantarwa, kimanin 15 cikin ɗari ko fiye suna rasuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi kuma suna samun kurumta, wadda a wasu ba ta warkewa. Mai juna biyu a watannin ƙarshe ita ta fi kowa shiga haɗari, kuma galibi ba a samun abin da ke cikin. A watan Janairu na 2020 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu bayan sun yi wa wata mai ciki aiki, ba a san tana ɗauke da Lassa ba. In haka ta faru a asibitin da ke koyar da likitoci, sai a ƙiyasta halin ungozoma da malamin asibitin ƙauye, waɗanda sau da yawa majinyaci ne zai sayo musu safar hannu.

Wani zai ce ai ciwo da mutuwa ƙaddara ne, kuma lalle haka ne, babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma magabata na ƙwarai ba su fahimci ƙaddara a matsayin barin sababi ba. A wajajen shekara ta 18 bayan Hijira, da annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kai wani wuri da ake kira Sarg aka ba shi labari, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke hukuncin komawa Madina, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinta don gudu. Wannan shi ne asalin killacewa, tun ƙarnoni kafin Turai ta kafa dokarta. Haka kuma Sunna ta yi umurni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare, ta kuma lissafa ɓera cikin miyagun halittun da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, saboda haka dubiya, wadda take haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, ana iya sauke ta da sallama da addu'a daga bakin ƙofa, wankan gawa kuma, wanda yake farillar kifaya, malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana yadda ake sauƙaƙa shi idan ana tsoron cutuwa, ko ta kwarara ruwa ba tare da cuɗawa ba, ko ta taimama. Wajibi ne limamanmu su karantar da waɗannan hukunce-hukunce tun ana zaman lafiya, domin ranar da gawa take kwance a zaure ba ranar fara muhawara ba ce, kuma inda ilimi ya yi jinkiri jita-jita ce take riga shi, kamar yadda aka gani a watan Agusta na 2014 da aka ruɗi jama'a da wanka da shan ruwan gishiri har wasu suka hallaka.

Abin yi a bayyane yake, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfinmu ba. A gida, a raba hatsi da makwanci, a zuba tsaba a ganga mai murfi ko buhu mai leda a ciki, a ɗaga buhuna daga ƙasa, a yi shanya a kan tamfol ko gado a kwashe ta kafin magariba, a toshe ramuka, a nisanta juji daga ɗakin girki, a hana yara kamun ɓera da hannu da cinsa. Kada kuma a maye gurbin wata mafsada da wata ta hanyar barbaɗa guba a kan abinci, domin yawan maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015. A kasuwa, shugabannin 'yan hatsi da dillalai su sa dokar share sito da gyara shi, ƙananan hukumomi kuma su dawo wa duba-gari da martabarsa da albashinsa. A asibiti, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku a ɗauke shi da zato, a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ko a kira layin NCDC na kyauta, 6232, domin wanda aka fara wa magani da wuri shi ya fi samun tsira. Gwamnatin jiha kuwa, haƙƙi ne a kanta ta tabbatar da ruwa da sabulu da safar hannu a asibitin kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na Katsina, da ɗakin keɓewa mai aiki a shiyyar Funtuwa, da mota mai kai jini gwaji a ranar da aka ɗebe shi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma alkawari kaya ne. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun zauna a Malumfashi suna bin ƙauyuka suna binciken tsargiya da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, har sunan garin ya shiga mujallun likitanci na duniya; babu abin da zai hana jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma da Zariya su farfaɗo da irin wannan aiki, su kama ɓerayen rumbunanmu su auna su, mu san haƙiƙanin halin da muke ciki.

Ga manyan ƙasashe kuwa, nasiharmu ita ce na'urar auna zafin jiki a filin jirgin sama ba za ta tsare su ba, tun da mutum yana iya ɗaukar ƙwayar har mako uku jikinsa garau, alhali tafiya daga Kano zuwa Landan ba ta cin yini biyu. Maslaharsu ta gaskiya tana cikin ƙarfafa ɗakunan gwaji irin na Irrua da Owo da Abakaliki, da kammala allurar Lassa a sayar da ita a farashin da talaka zai iya, da daina hukunta ƙasar da ta faɗi gaskiya da rufe mata iyaka, domin wanda aka hukunta a kan bayyanawa gobe ɓoyewa zai yi. In sun yi haka sun taimaki kansu, mu ma mun amfana, kuma za mu gode. In ba su yi ba, nauyin bai sauka daga wuyanmu ba, domin ran matar manomi a Ƙafur da ran ungozomar da za ta karɓi haihuwarta amana ne da za a tambayi hakimi da kansila da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna a kansa, ko labarin ya kai kunnen Turai ko bai kai ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana, ya ba mu ikon gyara gidajenmu kafin kaka mai zuwa, ya kuma kiyashe mu daga annoba, ta fili da ta ɓoye.